Wutar da Nabla Ta Riƙe

"Ba wutar da za ta fita daga gidan nan yau," in ji Condy.

Yana tsaye a bakin ƙofa, ya tokare ta da hannu ɗaya. Ni ina waje da tukunyar ƙarfe, ƙafata a kan furannin rawaya da uwarsa ta watsa a dokin ƙofar jiya da yamma don tarbar watan Mayu.

"Ita ta aiko a kira ni," na ce.

"Na sani, Treasa. Shigo ki sha shayi. Amma tukunyar nan ki bar ta waje."

Na ajiye ta a gindin bango na shiga.

Ranar ɗaya ga watan Mayu ce. A ƙauyenmu ran nan ba a ba maƙwabci wuta, ko gishiri, ko madara, tun fitowar rana har faɗuwarta. Wanda ya bari aka fita da garwashi daga ɗakinsa, an fita da albarkar shanunsa ta shekara. Na san haka tun ina yarinya. Shekarun da na yi a Manchester, makaranta da aikin jinya, ba su mantar da ni ba. Na dai daina sa shi cikin abubuwan da ke kashe mutum ko saniya.

Nabla, uwar Condy, tana kwance a gadon lungu, wanda ke jikin murhu. Da safe ta faɗi a hanyar rijiya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Fada, limamin cocinmu, ya zo da hantsi ya shafa mata man addu'a na masu jinya ya tafi. Na kama wuyan hannunta, na saurari ƙirjinta. Na ga irin wannan da yawa. Ba za ta kai gobe ba.

"'Yar Manus," ta ce. Bakinta ya karkace amma ana jin maganar. "Ina tukunyar?"

"Tana waje."

"Wannan jakin ne ya hana?"

"Inna mana," in ji Condy.

"Ni na haife shi. Tun yana ciki yake tokare ƙofa."

Ranar da muka tashi daga ƙauyen ina 'yar shekara tara. Kafin mahaifina Manus ya kulle gida, Nabla ta zo da shebur ta kwashe garwashin murhunmu ta juye cikin nata. Haka ake yi: gidan da ya tashi, maƙwabci ya riƙe masa wutarsa har ya dawo. Bayan tamu ta karɓi ta gidan Neddy, ta karɓi ta 'yan matan Bidi da suka tafi Boston. Duk a murhu ɗaya, tana ciyar da shi da tubalin baƙar ƙasar fadama da muke ƙonawa maimakon itace, kuma ba ta taɓa barinsa ya mutu ba. Neddy ramin da yake haƙa a Scotland ya rufta da shi. 'Yan matan Bidi an daina jin labarinsu. Iyayena suna kwance a Manchester. Ni kaɗai na dawo, kwanan nan, kuma ba don wuta ba. Gidan yana nan, can kuma ba sauran wanda zan zauna dominsa.

Ranar da na iso Nabla ta ce in zo in ɗauki wutarmu. Amma hankaki sun cika bututun hayaƙinmu da ƙirare, sai jiya Condy ya gama ja masa reshen ƙaya da igiya, shi a kan rufi ni a ƙasa. Muka ce a bari Mayu ta wuce. Ina da risho, ina da ashana.

To, idan aka mutu a gida, ana tsayar da agogo, a buɗe taga, a rufe madubi, a kashe murhu da ruwa, ba a sake hurawa sai an dawo daga kabari. Shi ya sa in an ga mutum ya kusa, maƙwabci yakan zo ya kwashi garwashi tukuna, bayan jana'iza ya maido. Mijin Nabla teku ta ci, ba a yi mutuwa a gidan nan ba tun kafin a haife ni. Yanzu ga ta ta zo ran da ba a fitar da wuta.

Sorcha, matar Condy, ta ajiye mini shayi da yankan burodi. Ta riga ta tura yara gidan 'yar'uwarta.

"Ka bar ta ta ɗiba, Condy," ta ce. "Garwashi uku. Wa zai gani?"

"Shanu za su gani."

"Oh, shanu!"

"Bara fa? Mai tallan kwanukan nan ya kunna lofe a murhun nan ya fita da shi a baki, ina kallonsa ban yi magana ba don kunya. Kafin a yanka ciyawa baƙar saniya ta mutu."

"Rami ta faɗa a fadama, don ba ka gyara shinge ba."

"Me ya kai ta wajen ramin? Shekara takwas tana wuce shi."

Nabla ta yi wani sauti a maƙogwaro. Na matsa kusa, ashe dariya ce.

"Tsoro yake ji," ta ce mini. "Gani yake za ki rikiɗa zomo, kamar tsohuwar bayan dutse ta cikin tatsuniya, ki bi shanunsa kina tsotsa. Ka ji, Condy, in ka harbe ta a cinya, gobe ka je ka duba ko malamar asibiti tana ɗingishi."

"Ke kika ba ni labarin nan, Inna," in ji shi. Bai yi dariya ba. "Ke kika koya mini duka. Ina ƙarami kika kori matar Neddy daga ƙofar nan ran Mayu, da sheburinta a hannu, ana ruwa. Shanu huɗu gare ni da yara biyar. Ki ce in ba ta, sai in ba ta. Amma ki faɗa da bakinki."

Nabla ta daɗe tana kallon murhu.

"Ba zan ce ba," ta ce. "Ba a fitar da wuta ran Mayu."

"To kin ji," in ji Condy, yana dubana.

"Kuma ba za a kashe wutar Manus a hannuna ba, ga 'yarsa zaune."

Na ce akwai hanya. A ɗauke ta da katifa a kai ta gidana, tafiya ce kaɗan. In abin ya zo a can, murhun nan ba ruwansa.

"A gadon nan na haifi shida," ta ce. "Ki kai ni in mutu a gidan da ba hayaƙi, kusa da risho? Wannan a Ingila suka koya miki?"

"Can ba sa tambayar mutum inda yake so."

"Na ga alama." Ta lumshe ido. "Yaushe rana take faɗuwa?"

"Wajen tara," in ji Sorcha.

"To zan jira."

Ta faɗe shi kamar motar kasuwa ce za ta jira. Na dubi agogo. Ko biyun rana ba ta yi ba.

Mutane suka yi ta shigowa suna fita. Mata su durƙusa gaban gado su ja carbi, maza su tsaya da hula a hannu su yi zancen ciyawa da farashin tumaki. Duk wanda zai fita sai ya ƙwanƙwasa lofensa a dutsen murhu ya nuna wa Condy cikinsa. Ba wanda ya ba da shawara. Kowa ya ga tukunyar a gindin bango, kowa ya san abin da take jira.

Ni aikina na yi. Na juya ta, na jiƙa mata leɓe da tsumma, na tada mata kai da matashi don numfashi. Ƙafafunta sun fara sanyi tun la'asar, farcenta ya yi shuɗi. Ba ta tambaye ni yadda nake gani ba, ni ma ban faɗa ba. Lokaci lokaci takan buɗe idon dama ta nemi hasken da ke shigowa ta taga, ta ga inda ya kai a daɓe, ta rufe.

"Kin iya rufe wuta?" ta ce mini da ɗakin ya rage mu uku mata.

"Ana zuba toka."

"Ana zuba toka! Ji ta. Ki sa ɗanyen tubali biyu a ƙasa, wanda bai gama bushewa ba, daga fadamar sama, ba na bakin hanya ba. Garwashi a tsakani. Sannan toka, da bayan shebur, kada ki danne. Uwarki ta iya, ba ta nuna miki ba?"

"Ba mu da murhu a can."

"Allah sarki, Manus." Ta huta. Sannan ta fara waƙar da take yi kowace yamma in za ta rufe murhu, a hankali, rabin kalmomin suna zubewa ta gefen baki:

"Kwanta, wuta, ga bargon toka,
Ba mutuwa ba ce, barci ne.
Ta Manus na nan, ta Neddy na nan,
Ta 'yan matan Bidi na nan.
Mai dawowa ya tarar da ɗumi,
Wanda bai dawo ba, a ajiye masa."

"Ba sai kin yi waƙar ba," ta ce. "Muryarki ta ubanki ce, wutar ma guduwa za ta yi."

Ita ce maganarta ta ƙarshe da na ji.

Da lokacin tatsa ya yi Condy ya ɗauki bokitai. Ya tsaya a kan uwarsa kamar zai ce wani abu, sai ya gyara mata bargo ya fita. Muna jin shi a garke yana kiran shanu da sunayensu.

Numfashinta ya canza yana fita. Ta ja uku da ƙarfi, ta tsaya, ta sake ja. Tsayawar tana ƙara tsawo. Sorcha ta bar wanke kofuna ta zo ta riƙe hannun da ke da rai. Aka yi wata tsayawa, muka jira, ba ta sake ja ba. Na sa yatsa a wuyanta. Na dubi agogon hannuna, sabo ne kawai.

Sorcha ta dube ni, ta dubi taga. Rana tana can sama da tsibirin da ke cikin teku ta yamma, da sauranta sosai.

"Barci take," ta ce.

"Sorcha."

"Na ce barci take. Duk karatun da kika yi ba ki san mai barci ba?"

Na yi aiki a inda ake rubuta lokacin mutuwa kafin a rufe wa mutum fuska. A nan ba wanda ya ba ni takarda. Na shafa wa Nabla ido suka rufu, tunda mai barci idonsa a rufe yake. Na naɗe tawul na tura ƙarƙashin haɓarta, na ja bargo ya ɓoye shi. Na miƙar mata da ƙafafu tun suna miƙuwa. Sorcha ta mayar da hannun ƙarƙashin bargo, ta koma wajen kofunanta, ta ci gaba da wanke waɗanda ta riga ta wanke.

Condy ya shigo da madara. Ya ajiye bokitan. Ya dubi gado. Mutumin da ya tashi cikin dabbobi ba ya bukatar a gaya masa. Hannunsa ya tafi ga hularsa, ya ɗaga ta kaɗan daga goshi, ya tsaya haka. Sannan ya mayar da ita.

"Yaya take?" ya ce.

"Ta samu barci," in ji Sorcha, ba ta juyo ba.

Ya dube ni.

"A bar ta ta huta," na ce.

Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Agogon yana tafiyarsa. Ya jawo kujera gaban murhu, ya ɗauki tubali biyu daga kwando ya jingina su a wuta, ya gyara da awartaki. Ya zauna.

"Jar saniyar ta ba da kusan bokiti, Inna," ya ce. "'Yar ƙaramar ce har yanzu take shura. Na ce miki da mun sayar da ita tun kaka, kika ce idonta irin na kakata ne."

Ya tura wani garwashi da awartaki.

"Gobe in ba ruwa zan hau fadamar sama. Tubalin ya isa juyawa."

Haka ya yi ta yi. Ya gaya mata zancen shinge, da zancen takalmin babban yaronsa, da wanda zai yi aure a ƙauyen gaba. In ya rasa abin faɗa sai ya taɓa wuta. Hasken taga ya bar daɓe ya hau ƙafar teburi, ya hau bango. Ban taɓa ganin rana mai nawa irin ta ran nan ba.

Fanny ta leƙo ta saman ƙofar, wadda aka rufe rabinta na ƙasa. Tsohuwa ce, ita ke fara kukan makoki a duk mutuwar da aka yi a ƙauyen, kuma ba a taɓa aika mata ba, da kanta take zuwa. Sorcha ta tare ta da tawul a hannu.

"Ta samu barci, Fanny. Kada a tashe ta."

Fanny ta dubi gadon ta kan kafaɗar Sorcha. Ta dubi taga a rufe, madubi a buɗe, agogo yana tafiya. Ta dubi tukunyata a gindin bango.

"Ai ta gaji," ta ce. "Tun asuba take tsaye. Bari in zauna a nan waje in sha iska."

Ta hau katangar dutse ta zauna, ta juya fuskarta wajen teku. Can sai wata ta zo, suka yi magana ƙasa ƙasa, ita ma ta zauna. Kafin hasken ya yi ja katangar ta cika, maza da mata, har da karen wani. Ba mai shigowa, ba mai kuka. Duk sun ba gidan baya suna kallon yamma, kamar masu jiran jirgin ruwa.

Sau ɗaya wani sauti ya kufce wa Sorcha. Ta cusa tawul a baki ta shiga ɗakin sama, ta fito da ido ja, ta tambaye ni ko zan ƙara shayi. Na ce zan ƙara.

Da rana ta taɓa tsibirin Condy ya tashi ya tsaya a ƙofa. Na ce ai ta faɗi. Ya ce da saura, yana ganin bakinta. Ya tsaya har jan ya nutse gaba ɗaya, ya ƙara jira kaɗan don kada a ce. Sannan ya sunkuya ya ɗauko tukunyar da kansa.

Ya durƙusa gaban murhu. Ya zuba toka a gindinta, ya fara zaɓen garwashi da awartaki daga can tsakiya.

"Ga taku," ya ce. "Ga ta Neddy. Ga ta 'yan matan Bidi, ko Allah zai sa wata ta tuna hanya." Ya ɗauko wani babba, ya juya shi. "Wannan tamu ce. Aro na ba ki, 'yar Ingila. Ran da muka dawo daga kabari zan zo da shebur. In na tarar kin kashe ta kin kunna da ashana, zan sani."

"Ta yaya za ka sani?"

"Zan sani."

Ya rufe tukunyar, ya naɗa tsumma a marfin hannunta ya miƙo mini. Bai saki ba nan da nan.

"Yaushe?" ya ce, yadda Sorcha ba za ta ji ba.

"Bakwai saura kwata."

Ya gyaɗa kai ya saki.

Na tsallake dokin ƙofa da furannin da suka yanƙwane. Da na waiwaya yana kan kujera, ya buɗe gilashin agogo. Ya kama abin lilon ya tsayar, sannan ya sa yatsa ya mayar da hannun baya, zagaye biyu da ɗan ƙari. Sai ya sauko ya cire hula.

Sorcha ta tura taga ta buɗe. Kukanta ne ya fara fitowa. Fanny ta sauko daga katanga tana gyara mayafi, ta ɗauki muryar tun kafin ta kai ƙofa, matan suka bi ta. Mazan suka dare suka ba ni hanya, kowa yana janye rigarsa daga tukunyar. Na kai kwanar hanya sai na ji cuuu, an juye ruwa a murhu.

Tukunyar tana da nauyi, zafinta yana dukan gwiwata. Na sauya hannu a wajen rijiya, inda bokitin Nabla yake kife tun safe ba wanda ya ɗauka.

A gida na juye garwashin a murhun mahaifina. Na jera tubali kewaye da shi na hura. Hayaƙin ya fara yawo a ɗaki, ya yi kamar ba zai gane hanya ba, sannan bututun ya ja shi. Wasu ƙirare da hankaki suka bari suka faɗo daga sama suka kama.

Akwai wanka da za a yi mata, kuma ni ce na iya. Na haɗa kwano, da tawul, da farin zane. Kafin in fita na nemo ɗanyen tubali biyu daga ƙasan kwando na sa garwashin a tsakani, na zuba toka da bayan shebur, ban danne ba. Ban yi waƙar ba.

Daga bakin ƙofata ana ganin gidansu a kan tudu, an kunna kyandir a tagar da ke buɗe. Bututunsu yana tsaye baƙi a sauran hasken yamma, ba komai a bakinsa. Na ɗora kwanon a ƙugu. Sai na ajiye shi, na koma ciki, na shimfiɗa tafin hannuna a kan tokar. Da ɗumi.